Uwaisu Mai Kwano Uku

Ku gyara zama, amma wannan ba tatsuniya ba ce, don mai labarin yana nan da ransa, ɗazu ma ya wuce ta ƙofar gidanmu da fartanya a kafaɗa. Sunansa Uwaisu, jikan marigayi Malam Nababa na nan Kanyar Malam, ƙauyenmu da ke bayan Ungogo, inda gona ke jingine da gona, gida ke jingine da gida, har in akuyarka ta yi atishawa sai maƙwabci ya ji.

A shekarun nan da muka sha wuya, lokacin da man fetur ya tashi ya ja komai ya yi sama da shi, kowa a garin nan ramewa ya yi. Maza suka ƙara tsuke mazagi, mata suka riƙa naɗa zani yana zagaye su har ya yi saura. Mutum ɗaya ne ya yi ƙiba a lokacin, shi ne Uwaisu, kuma maraya ne. An faɗi maganganu iri-iri. Wasu suka ce akwai rumbun da aka ɓoye a gidan, wasu suka ce kumburi ne, a nemi magani. Duk ba haka ba ne. Bari ku ji yadda aka yi.

Ubansa Iliyasu shi ne ɗan farin Inna Hure, matar Malam Nababa. Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku san nauyin wannan ba. A da, mata ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Inna Hure ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Tun Iliyasu yana rarrafe har ya yi gemu, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Wancan" take cewa. In ya dawo daga gona a gajiye, ƙannensa take tambaya ko sun ci abinci, shi kuwa sai ta aiki wata yarinya ta ajiye masa kwano, ta kau da kai kamar ba ta san ya shigo ba.

Iliyasu manomi ne na gaske. Akwai wata 'yar gona a bakin hanyar rafi da ubansa ya yanka masa tun yana saurayi, tasa ta kansa, wadda yake nomawa bayan an tashi daga gandun gida. Ya zuba mata taki, ya kewaye ta da lalle, kuma a shekarar da aka haifi Uwaisu ya dasa mangwaro a tsakiyarta. Shi ya sa ake ce mata gonar mangwaro.

Sai tari ya kama Iliyasu. Ya yi ta ramewa, ya yi ta ramewa, har ya zama in ya zauna a tabarma kana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Inna Hure tana kallo daga ƙofar ɗakinta. Ranar da ya rasu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ko a nan kunyar ba ta sake ta ba. Amma daga ranar, rama da mutuwa suka zama abu guda a idonta. Da uwar yaron ta gama takaba ta yi aure a Gezawa, Inna Hure ta ce ko kusa ba za a tafi mata da shi ba. Duk kiran da ba ta yi wa uban ba, duk lomar da ba ta miƙa masa da hannunta ba, ta tattara ta ɗora a kan ɗan.

Ba a daɗe ba Malam Nababa ma ya kwanta. Da yake malami ne, ya san hukuncin: ɗan da ya riga ubansa rasuwa, 'ya'yansa ba sa shiga gado in akwai baffanninsu. Sai ya kira 'ya'yansa biyu da suka rage, Mati da ƙaninsa Ɗanliti, ya sa aka kira liman, ya ce:

"Gonar mangwaro kada a sa ta cikin rabo. Mati ya riƙe ta. Ranar da yaron Iliyasu ya isa noma, a ba shi ya nome ta da hannunsa damina guda. In ya fitar da ita, tasa ce. In noma ba nasa ba ne, ta koma cikin gado, ku raba."

Tsohon ya yi haka ne don kada gonar ta faɗa hannun wanda zai sayar da ita. Uwaisu ya taso da wannan magana a kunnensa. Yaro ne mai sanyin hali, ba ya musu, ba ya kai ƙara, kuma ba abin da yake so a duniya kamar a ce masa, "Je ka ɗebo mana mangwaron Babanka."

Sai dai ɗebo mangwaro ne iyakar abin da Inna Hure ta yarda ya yi a gona. Duk sanda Mati ya ce zai tafi da shi, sai ta fito.

"Inna, yaran da ba su kai shi ba suna kai taki."

"Su suna da uba. Rana ce ta cinye wancan, ina kallo."

"Tari ne, Inna."

"Tarin daga ina ya zo? Ka bar mini maigidana ya huta. In rana ta ƙona mini miji, kai za ka ba ni wani?"

Sai a yi dariya, Mati ya saɓa garma ya tafi da nasa 'ya'yan. Ɗiban ruwa ma an ɗauke wa Uwaisu, wai ba a wahalar da maraya. Makaranta kuwa, da yake Ɗanliti adaidaita sahu yake ja zuwa birni, shi yake sauke shi har bakin ƙofa da safe. Yaran garin suna tafiya a ƙasa, shi yana ɗaga musu hannu.

Duk da haka, har ya kai shekara goma sha uku yaro ne kamar kowa, ɗan kumatu kawai. Abin ya fara ne ranar da aka hana ciyayya.

Gidan Malam Nababa sassa uku ne: na Mati da matarsa Barira, na Ɗanliti da matarsa Luba, sai ɗakin Inna Hure. Al'adar gidan, kamar ta kowane babban gida a nan, duk wadda ta sauke tukunya da yamma sai ta zuba a kwano ta aika wa sauran sassan. Wannan ita ce ciyayya. Kowa yana ganin kwanon kowa, kowa ya san abin da ya shiga cikin kowa. Da tsada ta matsa, har masara ta fara gagarar magidanci, Mati ya tara gidan ya ce:

"Daga yau an daina ciyayya. Kowa ya ji da tukunyarsa, kada a riƙa aika abin kunya a kwano. Uwaisu yana kaina, a wajen Barira zai ci. Inna kuma, ni da Ɗanliti za mu riƙa auna mata nata."

Magana ce ta hankali. Abin da Mati bai sani ba shi ne matan nan uku kowacce ta koma ɗaki da tunanin maraya.

Barira mace ce mai tsoron a ce ta bambanta. In ta zuba wa 'ya'yanta malmala ɗaya, Uwaisu biyu take sa masa. In an watse, sai ta kira shi bakin murhu ta kankaro masa ƙanzo, ta jiƙa, ta zuba sukari. "Ci maza. Kada ka gaya wa yaran nan."

Luba kuwa sana'a take yi a cikin gida, taliya da manja da safe, fanke da awara da yamma. Ta duba yawan 'ya'yan Barira, ta ce a ranta ina abin da zai kai ga maraya a wancan sashe? Sai ta riƙa tare shi a soro. "Zo nan, ɗan gidana. Kada Yaya Barira ta ji, za ta ce na raina tukunyarta. Kada Baffanka ya ji, zai ce ina cinye uwar kuɗi."

Inna Hure ba ta yarda da su duka biyun ba. Abin da aka auna mata, shi take dama masa: fura da sukari, garin kwaki da sukari, koko mai kauri. Ita kuma ta ce wa gida azumin nafila take yi. "Wannan tsakanina da kai ne, maigida. Miji ba ya tona asirin matarsa."

To kun ji. Kwano uku, amana uku, kuma aka haɗa su da yaron da ba ya tona amana. Ya taɓa gwada cewa ya ƙoshi. Inna Hure ta dube shi ta ce, "Wato tuwon Barira ya fi nawa daɗi ke nan," idonta ya kawo ruwa. Bai sake gwadawa ba. A garin nan, tsohuwa ta miƙo maka abinci da hannunta ka ce a'a? Ya riƙa ci yana godiya, ya tashi daga wannan sashe ya faɗa wancan.

Kada ku ɗauka daɗi yake ci. Nama sai Sallah, ƙwai na sayarwa ne, wake ya yi tsada, zogale da rama ma kasuwa ake kai su. Abin da ya rage wa talaka a shekarun shi ne abin da ke cika ciki da arha: gari, taliya, mai, sukari, tuwo da miya tsululu. Shi yake ci sau uku a madadin sau ɗaya, sannan ya je shagon cajin waya na bakin masallaci ya zauna a benci yana kallon ƙwallo a wayoyin mutane har magariba.

Cikin shekara biyu sai da ya gagari rigunan ubansa. Yara suka sa masa suna Buhu, manya suka ce Alhaji Ƙarami. In ya shiga adaidaita sai Ɗanliti ya ce, "Zauna a tsakiya, ɗana, kada mu kife." Shi ma dariya yake yi, ko da yake na lura ya daina zuwa rafi wanka da sa'o'insa. Wata rana aka zo rabon shinkafar tallafi, masu rabon suna bi gida-gida. Suka yi sallama a gidan Malam Nababa, tsautsayi ya sa Uwaisu ne ya leƙo. Suka dube shi sama da ƙasa, ɗaya ya ce, "Allah ya ƙara rufa asiri," suka wuce gida na gaba. Mati ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa da kyau.

Inna Hure kuwa sai hamdala. In ya wuce tana zaune da tsofaffi sai ta ce, "Ku dubi wuyan nan. Wannan ba inda za shi." Wuyan nan kuma shi ne Barira take kama shi tana dirza da soso ranar Juma'a, don ya yi baƙi ƙirin ta baya, tana faɗa wai ƙazanta ce. Ba ya fita. Ga yawan shan ruwa, ga yawan zagayawa, ga haki in ya ɗan yi sauri. Kowa ya gani, ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ana haka birni ya iso mu. Dillalan fili suka fara yawo da igiyar awo, suna yanka gonaki fuloti-fuloti. Gonar mangwaro tana bakin hanya, ido ya faɗa kanta. Ɗanliti kuma injin adaidaitarsa ya buga, ta yi watanni a jingine a ƙofar gida kaji suna kwana a ciki. Shi ya fara ta da maganar. Mati ya ja, ya ja, da bazara ta zo ya kira Uwaisu, lokacin yana da shekara goma sha shida.

"Kai, a shekarunka ubanka ya fara nome gonar nan shi kaɗai. Ka ji abin da Malam ya bari. Bana ga ta nan. Ni na so a ƙara jira, amma ba ni kaɗai ke da hakki ba."

"Na gode, Baffa."

"Ba godiya na ce ka yi ba. Za ka iya?"

"Zan iya."

Wallahi da murna ya faɗa. Ya ɗauko fartanyar ubansa daga bayan rumbu, ya kai maƙera aka gyara mata baki. Inna Hure ta yi faɗa har muryarta ta dushe, wannan karon ba wanda ya saurare ta.

Shuka ta zo masa da sauƙi, don ƙasa a jiƙe take kuma ba gaggawa. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Noman fari ne ya tona komai. Noma sunkuyo ne, kuma Uwaisu ba ya iya sunkuyawa ya daɗe, numfashi sai ya ɗauke masa. Ya nome kunya ɗaya ya tsaya ya dafa ƙugu, gwiwa tana ciwo, cinya ta saɓule. Masu wucewa rafi suna yi masa sannu, wasu suna ƙarawa da, "Alhaji, ina yaranka, ka fito da kanka?" Bai kula su ba. Wata rana da hantsi wata mai ɗiban ruwa ta hango shi kwance tsakanin kunyoyi, fartanya a gefe. A amalanke aka kai shi asibitin sha-ka-tafi na garin da ke gaba da mu.

Malamar asibitin wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawar magana. Ta sa masa ruwa, ta auna jininsa, ta ɗiga jinin yatsarsa a 'yar na'ura, ta duba bayan wuyansa. Sannan ta leƙa waje ta ce, "Wace ce uwarsa?"

Mata uku suka miƙe, Mati yana tsaye a bayansu.

"To ku shigo duka. Kai ma Malam shigo. A gaya mini abin da yaron nan yake ci daga safe zuwa dare."

Barira ta gyara mayafi. "Koko da safe. Da rana abin da ya samu. Da dare tuwo, malmala biyu. Sai ɗan ƙanzo."

"Da sukari?"

"Kaɗan."

"Shi ke nan?"

Luba tana kallon ƙafarta ta ce, "Da ɗan abin da ba a rasa ba. Taliya da hantsi. Awara da la'asar. Fanke in ya yi kwantai."

Barira ta juyo gaba ɗaya. "Luba, tun yaushe?"

"Tun ranar da aka hana ciyayya, Yaya."

"Wato kin ɗauka da yunwa nake barin sa."

"Ban ce ba, Yaya. Yaranki na gani da yawa."

"Fanken naki kullum kwantai yake yi ke nan?"

"Wani lokacin nakan ɗan taimaka masa ya yi."

Malamar ta danne dariya, ta dubi tsohuwa. "Inna, ke fa?"

"Ni me gare ni, 'yar nan? Abin da aka auna mini ko kaza ba zai isa ba."

"Uwaisu, haka ne?"

Yana kwance yana kallon rufi. Can ya ce, "Inna ta ce kada in faɗa."

Har Mati sai da ya yi dariya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ya dubi uwarsa, ya ga yadda awarwaro ke yawo a hannunta har gwiwar hannu. Ya ce a hankali, "Inna, azumin nan na Litinin da Alhamis da ya koma na kullum, ashe wannan ne?" Ta ja mayafi ta rufe hannun.

Malamar ta yi musu bayani dalla-dalla. Sukarin jininsa ya hau, jininsa ma ya hau, abin da ta saba gani a jikin dattawa. Baƙin wuyan ba dauɗa ba ne, alama ce da jiki ya daɗe yana nunawa. Ta ce ba shi ne na farko da aka kawo mata daga ƙauye ba, don yanzu yara suna cika ciki da gari da mai da zaƙi, kuma ba sa motsi kamar da. Ta ce da sauran gyara: kwano ɗaya, a rage sukari, a nemi ganye, ya sha magani, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum da safe. Amma noma a cikin rana, a dakata tukuna sai jikin ya daidaita.

Inna Hure ta ce, "Yanzu ƙibar ce ciwo?"

"Ita ce, Inna."

"Wancan rama ta kashe shi. Wannan kuma ki ce ƙiba. To ina ake so mutum ya tsaya?"



Kafin Uwaisu ya samu ƙarfin komawa gona, ciyawa ta riga ta kai gwiwa ta shaƙe geron. Mati ya so ya tura 'ya'yansa su taya shi, Ɗanliti ya ce a tambayi liman. Liman ya ce shi dai abin da ya ji da kunnensa shi ne "da hannunsa," ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Uwaisu ya riƙa fita da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, yana yin abin da ya iya. In ya share gabas, kafin ya kai tsakiya gabas ɗin ta sake yin kore.

Wata safiya ya iso ya tarar da mutum a can ƙarshen gonar, a durƙushe, yana tugar ciyawa da wata guntuwar fartanya. Inna Hure ce, wadda rabonta da gona tun tana amarya.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Ciyawar akuya nake nema."

"Ba ki da akuya, Inna. Kin sayar tun bara."

Ta ci gaba da tuga ba ta ɗago ba. "Ni na hana ka koya. Bari in rage maka ko kunya ɗaya ce."

"In Baffa Ɗanliti ya gani zai ce ba hannuna ba ne."

"Ya faɗa. Ni na haife shi." Ta tsaya tana haki, ta dafa ƙasa. "Gonar Iliyasu ce. Ba zan zauna a ɗaki a yanka gonar Iliyasu da igiya ba."

Uwaisu ya ce shi dai tsayawa ya yi kamar an dasa shi. Tunda yake bai taɓa jin sunan ubansa a bakinta ba, sai ga shi sau biyu a numfashi ɗaya. Ya karɓi fartanyar daga hannunta, ya kama ta ya kai ta gindin mangwaro ya zaunar. Daga ranar kullum tana biyo shi, ta zauna a inuwa da butar ruwa, ruwa zalla, tana kallon sa yana noma. Bakin da ya yi shekaru yana cewa ya huta, shi ne ya koma cewa, "Saura kaɗan, maigida, kai ƙarshen wannan."

Ƙoƙarin bai isa ba. Da kaka ta yi, wajen da ke kusa da bishiyar ya ba da gero mai kyau, sauran kuwa kara ne siriri, ya yi rawaya, ba zangarniya. Mati da Ɗanliti da liman suka zagaya gonar, Uwaisu yana bin su a baya. Mati ya ce a duba, yaron ciwo ya yi, a ƙara masa damina ɗaya. Ɗanliti ya girgiza kai. Ba mugu ba ne, ku sani, shi ne fa mai kai shi makaranta. Ya ce, "Yaya, 'ya'yana a kan fanken Luba suke rayuwa. In na jira wata damina, me zan ce musu?" Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Uwaisu ne ya raba gardamar. Ya ce, "Baffa, ban fitar da ita ba. Malam bai ce rabi ba."

Kafin rani ya yi nisa an zo da igiya. Aka tuge lallen, aka kafa duwatsu, motocin bulo suka fara shigowa. Wanda ya sayi fulotin tsakiya, wani ma'aikaci daga birni, ya ce yana son inuwa, saboda haka bai sare mangwaron ba, ya zagaye shi da katanga. Ɗanliti ya gyara adaidaitarsa. Mati ya ɗebi wani abu daga rabonsa ya riƙa sayen maganin yaron, bai taɓa yi masa gori ba.

A gidan kuwa matan suka dawo da ciyayya, amma ta baki: kowace yamma sai sun tambayi juna abin da aka ba Uwaisu. Ba a rasa zamewa ba. An kama Luba da fanke a ƙarƙashin faifai fiye da sau ɗaya, ta rantse na kaji ne. Shi kuma ya koyi cewa "na ƙoshi," wanda ya ce ya fi noman fari wuya.

Malama ta ce ya riƙa tafiya da safe, ba ta ce ina ba. Shi ya zaɓi hanyar rafi. Kullum sai ya je har katangar nan, ya ɗan tsaya, ya wuce rafi, ya dawo. Sannu a hankali jikin ya sauka, haki ya tafi, baƙin wuyan ya dushe. Da damina ta zagayo, ya roƙi Mati ya tafi da shi gandu. Wadda ta biyo bayanta kuwa, har neman sa ake yi ƙwadago a gonakin mutane, don kunyarsa a miƙe take kamar an ja zare. Mati ya taɓa tsayawa yana kallon sa daga nesa, ya ce wa na kusa da shi, "Dubi sunkuyon nan. Iliyasu sak." Sai ya juya ya kama wani zance.

Abin da ke cin mutanen gidan ke nan har yau. Damina ɗaya tak aka makara. Barira takan ce da ta tambayi Luba, Luba takan ce da ta tambayi Yaya, Mati yakan ce da bai hana ciyayya ba da kowa ya ga kwanon kowa. Ɗanliti ba ya bin hanyar rafi da adaidaitarsa, gara ya zagaya. Inna Hure ba ta cewa komai a kai. Ta tsufa sosai yanzu, ba ta fita. In Uwaisu ya dawo daga tafiyar safe sai ta ce:

"Ka biya ta can?"

"Na biya, Inna."

"Ya yi fure?"

Wani reshe na mangwaron ya tsallako katangar ta wajen hanya, kuma abin da ya faɗo waje na mai wucewa ne. In lokacinsa ya yi, Uwaisu yakan tsinto ɗaya ya kawo mata. Takan juya shi a hannu, ta shinshina, ta miƙa masa.

"Ci, maigida."

"Malama ta ce rabi."

"Malamar nan ta raba ni da mijina," in ji ta. Sai ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ɗauko 'yar wuƙarta, ta yanka shi biyu. Har yanzu ɓangaren da ya fi tsoka take tura masa, shi kuma yakan bari sai ta kau da kai ya musanya.